Hutun Wata Guda a Kadawa

Na sauka ran Laraba. Ran Alhamis
Baffa Tasi'u ya shimfiɗa buhu a bakin kanal,
ya ce, to ɗan Sifaniya, ba mu labari.

Na ce, Baffa, gonarsu ba ta ganin sama.
Leda aka lulluɓa mata, fara fat,
daga gindin dutse har bakin teku.
A ciki na shekara bakwai ina tsinkar tumatir,
irin wannan dai da ke bayanka,
sai dai nasu da siririn tiyo ake shayar da shi,
ɗigo ɗigo, kamar maganin ido.

Ƙarfe biyu na rana gari ya mutu.
Mai kanti ya ja ƙofa, mai gyaran mota ya wanke hannu,
ko kare ba ya ƙetare titi.
Baffa ya ce, ashe suna ƙailula, da sauran alheri.
Abincin dare kuwa sai goma ta gota,
lokacin Inna Kande ta juya barci na biyu.

Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ola, an wuce.
Watan farko na tare maigidana
ina tambayar gida, da yara, da gajiya, da sanyi.
Ya dube ni, ya zaci bashi zan nema.
Amma mace da namiji su haɗa kumatu a kasuwa,
hagu da dama, ba mai waiwaye.
Na koyi dafa ƙirji in ja da baya,
na koyi sunkuyar da kai a shagon
da cinyoyin alade ke reto a rufi.

Akwai tsohuwa a ƙasan benenmu, Amfaro.
In na ce gobe za a biya mu, sai ta ce ohala.
Na daɗe kafin na gane
in sha Allahu ce ta tsufa a bakinsu
har haƙoranta suka zube.
Da azumi ta dafa min wake da man zaitun,
ta ɗaga tukunyar ta nuna min, sabuwa ce.

Ta rasu wata Talata. Sai Juma'a aka fasa ƙofa.
'Ya'yanta uku suka zo daga birni
da furanni masu tsada.
Baffa ya yi salati, ya ce a nan
ko akuyar maƙwabci ta kwana ba ta yi kuka ba sai an leƙa.
Ban gaya masa ba, ina saman ɗakinta kwanakin nan uku,
ina jin shirun,
ina lissafin awoyin aikina a bayan kwali.

Na sauya zance. Na ce akwai garin da ke ware rana guda,
a cika manyan motoci da tumatir nunanne,
a yi ta jifan juna har titi ya koma miya.
Ban je ba, a talabijin na gani.
Yara suka kwashe da dariya.
Baffa ya nuna bakin titin Zariya da haɓa,
inda kwandunansa arba'in suka kwana uku,
ba dillali, ba mota daga Ikko,
jan ruwa na bin kwalta, ƙudaje na walima.
Ya ce, mu ma muna yi duk shekara,
kiɗa ne kawai ba mu sa.

Saura kwana goma sha tara.
An fara ɗaure min kuka da daddawa a leda uku uku.
Can, sunana baƙi. Nan, ɗan Sifaniya.
Jiya ƙarfe biyu barci ya sace ni a gindin mangwaro
ana tsakiyar ban ruwa.
Da dare tuwo ya huce, yunwa ba ta iso ba.
Inna ta rufe kwanon da faifai,
ta ce, bar shi nan,
cikinka ne bai sauko daga jirgi ba tukuna.